Tsohon laihi shina hana shiga soja?

Samarin Tawa, Keita da Abalak, ku saurara. Mai son shiga soja ko jandarma sai ya kai kaziye, takardar kotu wadda ba ta wuce wata 3 ba. Ana ɗaukar ta kotun yankin da anka haihe ka.

Tarar ɗan sanda bisa hanya ba ta shiga cikinta, haka ma rigimar gona da hakimi ya sasanta. Amma in alƙali ya yanke maka kaso saboda sata ko duka, za a gani a rubuce, kuma shina iya tare maka hanya.

Ana kuma binciken halinka. In an tambaye ka, hwaɗi gaskiya: ƙarya ta hi ƙaramin laihi ɓata mutum.