Jirgin da ke zuƙo duwatsu daga ƙasan teku

Tsakanin Hawai da Meziko, a tekun Fasifik, akwai wani yanki da ake kira Clarion-Clipperton. Can ƙasa, a zurfin da ya haura mita 4,000, wasu baƙaƙen duwatsu ne masu girman dankalin turawa zube a kan taɓo. Cikinsu akwai kobalt, nikel, manganis da jan ƙarfe, irin ƙarafan da ake haɗa batirin wayarka da na motar lantarki da su. Wahalar duk tana wajen ɗauko su.

Jirgin da ya fi yin suna a harkar shi ne Hidden Gem, mai tsawon mita 228. Asalinsa jirgin haƙar mai ne, kamfanin Allseas ya saye shi a 2020 ya sake masa fasali. Da dabara aka zaɓe shi: dama yana da rami a tsakiya da ake zura bututu, ga injinan da ke riƙe shi wuri guda ba tare da anka ba. Daga kansa ake saukar da wata na'ura mai tafiya kamar katafila. Ita ke feshe duwatsun da ruwa ta kwashe, sai a hura iska cikin bututu mai tsawon kilomita 4.3 ta cicciɓo su sama. A gwajin 2022 da kamfanin The Metals Company, an hauro da sama da tan 3,000.

Amma fa ba wasa ba ne. Igiyar ruwa na girgiza jirgi a sama, bututu na reto, a ƙasa kuma matsin ruwa ya ninka na iskar da muke shaƙa kusan sau 400. A 2021 wata na'urar gwaji, Patania II, ta tsinke daga igiyarta ta zauna a ƙasa, sai daga baya aka ciro ta.

Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne taɓon. Duwatsun nan miliyoyin shekaru suke ɗauka kafin su girma, kuma akwai halittun da a kansu suke rayuwa. A 1989 masana sun yi huɗar gwaji a ƙasan teku daura da Peru; bayan shekara 26 da aka koma, sawun na nan raɗau.

Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce arzikin nan gadon duk ɗan Adam ne, kuma Najeriya mamba ce a hukumar da ke kula da shi a Kingston, Jamaika. Hukumar na ta tattauna ƙa'idojin haƙar, sai ga Trump a Afrilun 2025 ya sa hannu kan umarnin gaggauta ba kamfanoni lasisi a ƙarƙashin dokar Amurka.