Kwaɗon Da Aka Raɗa Wa Suna Goliyat

Duk yaron da ya zauna a makarantar Lahadi ya san labarin Goliyat mutumin Gat, ƙaton Filistiyawa wanda Dawuda ya kā da dutse ɗaya na majajjawa, kamar yadda yake a 1 Sama'ila sura 17. Amma kaɗan ne a cikinmu suka san akwai wani Goliyat da yake raye har yau, a maƙwabciyarmu Kamaru kuwa. Wannan ba mutum ba ne, kwaɗo ne, shi ne kuma mafi girma a cikin dukan kwaɗin duniya. Tsawon jikinsa kaɗai, ban da ƙafafu, yakan kai santimita 32, wato ya ɗara rular 'yan makaranta. Nauyinsa yakan wuce kilo 3, kamar na jariri sabon haihuwa.

Yadda ya sami sunansa

Littafin Farawa sura 2 ya nuna mana cewa Allah ya kawo dabbobi gaban Adamu domin ya raɗa musu suna. Wannan aiki bai ƙare ba har yanzu, gama kowace shekara masana suna samun halittun da ba a taɓa rubuta sunansu ba. Tsarin da suke bi ya fito ne daga Carl Linnaeus, mutumin Suwidin, ɗan wani fasto. Tun daga littafinsa na 1758 ake ba kowace dabba suna biyu cikin harshen Latin: na fari sunan gida, na biyu sunan yanka. Amfanin wannan shi ne, ko Bahaushe, ko Bature, ko mutumin Sin, in an ambaci sunan, kowa ya san dabba ɗaya ake nufi.

Wani Ba'amurke mai suna George Bates, wanda ya daɗe yana tattara dabbobi a kudancin Kamaru, shi ya aika da wannan kwaɗo Landan. Can George Boulenger, masanin gidan adana kayan tarihi na Birtaniya, ya bayyana shi a rubuce a 1906, ya kuwa ɗauko masa suna daga Littafi Mai Tsarki, ya kira shi Rana goliath. Daga baya da bincike ya yi zurfi, aka ga ba ɗan gidan Rana ba ne, sai aka mai da shi gidan Conraua, gidan da ya ci sunan wani Bajamushe ɗan kasuwa a Kamaru, Gustav Conrau. Cikakken sunansa yau shi ne Conraua goliath.

In muka bi asalinsa kamar yadda muke bin asalin mutum, ga yadda yake. Yana cikin dabbobi, ba tsire-tsire ba. A cikin dabbobi yana tare da masu ƙashin baya. A cikin waɗannan kuma yana ajin Amphibia, wato masu fara rayuwa cikin ruwa su ƙarasa a tudu. Sa'an nan ƙungiyar Anura, ma'ana marasa wutsiya, inda dukan kwaɗi suke. Danginsa Conrauidae, gidansu Conraua. 'Yan wannan gida duka a Afirka suke, wasu a Gana da Togo, wani a Habasha da Eritiriya, wani ƙaramin ɗan'uwansa ma, Conraua crassipes, ana samunsa a kudu maso gabashin Nijeriya.

Inda yake zama

Mutum zai zaci ƙato irin wannan ya mamaye Afirka duka. Ba haka ba ne. Ƙasashe biyu kaɗai suke da shi, Kamaru da Ikwatoriyal Gini. A cikinsu ma ɗan siririn yanki ne na kurmi kusa da teku, daga wajen Nkongsamba a kudu maso yammacin Kamaru, ya bi ta kogunan Sanaga da Ntem, ya tsaya a wajen Monte Alen. Ba ya zaman tafki ko kududdufi. Sai ruwa mai tsabta mai gudu da ƙarfi a kan duwatsu, musamman inda yake gangarowa daga tudu. Da ruwan ya gurɓace, zamansa ya ƙare.

Akwai abubuwan mamaki a rayuwarsa. Da duk girmansa, ba shi da jakar maƙogwaron nan da kwaɗinmu suke kumburawa su hana mu barci da damina. Talibambam ɗinsa ma bai fi na sauran kwaɗi girma sosai ba, girman daga baya yake zuwa. Abincinsa ƙwari, da ƙaguwa, da ƙananan kwaɗi.

A 2019 kuma masana daga Jamus da Kamaru suka ba da rahoton abin da suka gani a kogin Mpoula. Wannan kwaɗo yana gina wa ƙwansa ɗan tafki a gefen kogi. Yakan share ganye da tsakuwa, ya ture duwatsu, har da masu nauyin kilo 2, domin igiyar ruwa kada ta kwashe 'ya'yansa. Sun kuma ga babba ya kwana yana gadin wurin har gari ya waye. Iyaye, sai mu yi tunani a kan wannan.

Wa zai kā da wannan Goliyat?

Tun 2004 ƙungiyar duniya mai lura da halittu, IUCN, ta sa shi cikin jerin dabbobin da suke cikin haɗarin ƙarewa, domin an ƙiyasta yawansa ya ragu da fiye da rabi cikin shekara 15. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana farautarsa domin nama, manyan kuwa aka fi nema, su ne kuma masu haihuwa. Ana sare kurmi domin katako da gonaki, laka ta cika kogunan. An kuma kwashi wasu zuwa ƙasashen waje. Tun da ba shi da wani wuri a duniya, in ya ƙare a nan, ya ƙare ke nan.

Kada mu ce wannan matsalar mutanen Kamaru ce. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ɗaya daga cikin manyan kwaɗin da muke kira burduddugi, wanda masana suke kira Hoplobatrachus occipitalis, ya bazu daga Senegal har Habasha, shi ya sa muke ganin kamar ba zai taɓa ƙarewa ba. Amma wani bincike da aka buga a 2010 ya nuna 'yan kasuwa 32 kaɗai suna sayar da busassun kwaɗi fiye da miliyan 2 da rabi a shekara a kudu maso yammacin Nijeriya, yawancinsu kuwa daga fadamun arewa da ƙasashe maƙwabta ake kawo su. Kwaɗin nan su ne suke cin ƙwarin da suke damun shinkafarmu. Mai kamawa yana neman abin da zai ci da iyali, ba mu ga laifinsa ba. Amma in an kwashe manya da ƙanana lokacin da suke ƙwai, baɗi me za a kama?

'Yan'uwa cikin Almasihu, sura ɗin da ta ce Adamu ya raɗa wa dabbobi suna, ita ce ta ce an sa shi a gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Wanda ya raɗa suna ya ɗauki nawaya. Goliyat na Gat ya faɗi domin ya raina Allah mai rai, amma wannan bai raina kowa ba, aikin hannun Mahalicci ne wanda ya duba ya ce yana da kyau. Bari mu koya wa yaranmu su daina jifan kwaɗi don wasa, mu daina wanke tulun feshin magani a rafi, masu kamawa kuma su ɗaga ƙafa a farkon damina.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amanar da ya danƙa mana. Amin.