Kaurin Iska da Juyinta: Abin da Matuƙin Jirgi Ke Lura da Shi Kafin Tashi

Jirgin sama ba ya tashi sai fukafukansa sun sami isasshiyar iskar da za ta ɗauke shi, injinansa kuma sun shaƙi wadda za su ƙona mai da ita, shi ya sa ilimin yanayi yake cikin darussan farko da ake koya wa matuƙa a makarantu irin su Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya. Ginshiƙin wannan ilimi shi ne kaurin iska, wato yawan iskar da ke cikin wani ƙayyadadden fili, wanda ke raguwa idan wuri ya yi tudu, ko zafi ya tsananta, ko laima ta yi yawa.

Masana sun tsayar da ma'auni guda da ake gwada kowane wuri da shi: a daidai doron teku, zafin digiri 15 a ma'aunin Salshiyas, inda iskar da ta cika fili mai mita ɗaya ta kowace fuska take da nauyin kilogiram 1.225, zafin kuma yana sauka da digiri 6.5 a duk mita 1,000 da aka hau. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan tsayin kusan mita 476, amma da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi kan kai digiri 40, iskar wurin takan yi shara-shara har jirgi ya riƙa aiki tamkar yana kan tudun da ya kusa mita 1,500. A irin wannan hali injin ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, jirgi yana cinye titi mai tsawo kafin ƙafafunsa su bar ƙasa, hawansa kuma yana yin nawa, don haka dole matuƙi ya sake lissafi, ya rage kaya ko mai, ko ya jira la'asar ta yi sanyi.

Cikin sauran matsalolin yanayi kuwa, hazon hunturu, wanda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, shi ne abin da matafiya suka fi sani, domin shi ke sa a soke tashi a Kano da Maiduguri da Sakkwato; sai dai hazo ana ganinsa, ana kuma auna nisan da ido ke kaiwa a cikinsa. Abin da ya fi shi haɗari shi ne juyin iska na farat ɗaya, musamman wanda ke fitowa daga gindin hadari a farkon damina da ƙarshenta. Iska mai sanyi takan rikito daga gajimare da ƙarfi, ta daki ƙasa, ta watsu ta kowace fuska, ta yadda jirgin da ya shige ta zai fara cin karo da iska ta gaba wadda ke ƙara masa ɗagawa, nan take kuma ta danno shi daga sama, sannan ta koma bayansa ta ƙwace masa gudun da ke riƙe da shi, alhali yana dab da ƙasa. Masanin yanayi Ted Fujita na Jami'ar Chicago ne ya fayyace wannan al'amari bayan faɗuwar wani jirgi a birnin New York a 1975.

Nijeriya ta ɗanɗana ɗacinsa a ranar 29 ga Oktoba, 2006, sa'ad da jirgin kamfanin ADC da ya nufi Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashinsa daga Abuja cikin irin wannan iska, mutum 96 suka rasu, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙansu. Saboda haka rahoton da Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya ke miƙa wa matuƙa abin aiki ne da rayuka suka rataya a kansa, kuma matuƙin da ya tsaya sai hadari ya wuce ya yi daidai, ko da fasinjoji sun yi ƙorafi.