Sinadarin riƙe ciki: abin da takardar awon jini ke faɗi da wanda ba ta faɗi

Masu saurarenmu na Damargu, da ƴan uwa da ke bin mu daga Libiya, Aljeriya da Kano, yau batun furojestaron ne, sinadarin da ke riƙe ƙaramin ciki.

Bayan mace ta saki ƙwai, gurbin da ƙwan ya fito shi ke fara samar da wannan sinadari. Aikinsa ya kaurara shimfiɗar mahaifa, ya kuma kwantar da ita kada ta yi ta murɗawa. Tsakanin sati na 7 da na 10 sai mabiyiya ta karɓi aikin. A watanni ukun farko awonsa yakan kama daga wajen 10 zuwa 44 a ma'aunin ng/ml. Ya haura 25, alama ce mai kyau. Ya gaza 5, da wuya cikin ya ɗore. Tsakaninsu kuwa lamba ɗaya ba ta yanke hukunci, don tana hawa tana sauka ko a yini guda.

Ga inda ake yawan ruɗewa. Sau da yawa ba ƙarancin sinadarin ke jawo ɓari ba. Cikin ne bai ƙullu daidai ba tun farko, shi ya sa sinadarin ya sauka. Kusan rabin ɓarin farkon ciki haka yake, ba laifin daka ba ne ko ɗaukar tulu, balle a ɗora wa kishiya. Irin wannan ko kwali nawa aka sha ba ya tsayawa.

To wa maganin ke wa amfani? Wani bincike a Ingila a 2019, kan mata sama da 4,000 masu zubar jini a farkon ciki, ya nuna amfanin ya fi fitowa ga wadda ta taɓa yin ɓari. Ko ita ma sai hoton ciki ya tabbatar ɗan yana cikin mahaifa.

Wannan sharaɗi ba wasa ba ne. Ciki kan zauna a wajen mahaifa, in ya fashe jini ke zuba ta ciki, rai na iya tafiya. Don haka mai aiko da Duphaston ko Utrogestan daga waje, Allah ya saka, amma gara kuɗin su zama na mota. Jini, ciwon mara ta gefe ɗaya, jiri ko zazzaɓi: a kai ta CSI mafi kusa ran nan, ko daga rugar Belbeji ne. Ungozoma ce za ta ce a wuce babban asibitin Tanut ko Damagaram.

Allurar tazarar haihuwa, Depo ko Sayana Press, dangin wannan sinadari ce, amma hana ɗaukar ciki take yi. Kada wani mai tallar magani a kasuwa ya yi wa mai ciki ita da sunan riƙe ciki.