Ciwon Ƙoƙon Gwiwa: Ba Ɗori Yake So Ba

Ka zauna lacca awa biyu, ko ka biyo mota a matse daga Tsafe zuwa Gusau, kana miƙewa sai gaban gwiwa ya soke ka. Hawa bene, tsuguno a ban ɗaki, zaman tahiya, duk sai ka ciji leɓe. 'Yan ƙwallonmu sun san zancen.

Ƙoƙon gwiwa yana zamewa ne cikin wani kwarmi a ƙarshen ƙashin cinya. In aiki ya yi masa yawa, tsokar cinya da ta ƙugu kuma ba ƙarfi, sai wurin ya fara ciwo. Ba karaya ba ce, mai ɗori ba shi da abin ɗorawa. Ƙaho kuwa asarar jini ce kawai.

Likitan fisiyo motsa jiki yake sa wa gaba: ka kwanta rigingine ka ɗaga ƙafa a miƙe, ka juya gefe ka ɗaga ta sama, ka jingina da bango ka yi rabin tsuguno. Haɗa na ƙugu da na cinya ya fi na cinya kaɗai. Filastar da ake manna wa ƙoƙon tana rage zafi na ɗan lokaci ne. Aikin yakan ci mako 6 zuwa 12, to nan fa yawancinmu ke sarewa, mu koma kemis wajen diclofenac har ciki ya fara ƙuna. Rage ƙwallo, amma kar ka kwanta gaba ɗaya. Hawan dutsen Kwatarkwashi dai ya jira tukuna.

In gwiwar ta kumbura, tana sarƙewa, ko da zazzaɓi, ka nufi FMC Gusau a duba ka.