Haƙoran shaf: ciwon tsofaffin babura da walda ba ta warkarwa

Akwai wata lalacewa da ke kunyata mai babur a tsakiyar titi. Inji yana kuka lafiya lau, giya ta shiga, an saki kuloci, amma babur ya ƙi motsawa, sai wata ƙara kamar ana gurza ƙarfe. Idan hakan ta faru da mutum a cunkoson Titin Zariya, tsakanin gadar Dangi da Asibitin Malam Aminu Kano, ga tirela a bayansa, abin ya wuce kunya ya zama haɗari. Da yawa sukan ɗora laifin a kan kuloci. Sau tari laifin yana can ƙarƙashin murfin hagu na inji, inda ƙaramin sufuroket yake zaune a kan shaf ɗin da ya fito daga gidan giya.

Bakin wannan shaf yana da haƙora da aka tsaga a tsaye, cikin sufuroket ma akwai irinsu, sai su sarƙe da juna. Duk ƙarfin da inji ya haifar ta waɗannan 'yan haƙora yake bi kafin ya kai ga sarƙa da tayar baya. A yawancin ƙananan baburanmu, irin su Jincheng da roba-roba, wani ɗan faranti mai ƙusa biyu ne ke riƙe sufuroket, kuma tun daga kamfani akwai ɗan wasa tsakaninsa da shaf. Duk lokacin da aka murɗa totur ko aka sake shi, ƙarfe yana bugun ƙarfe. In da giris, bugun ba ya yin illa sosai. In wurin ya bushe, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya biyo baya, sai haƙoran su fara cin juna, suna zubar da wani jan gari mai kama da tsatsa. Wannan jan gari shi ne gargaɗin farko. Wasa yana ƙaruwa, bugu yana ƙaruwa, har ranar da haƙoran za su suɗe.

Ba matsalar talaka ba ce kaɗai. Masu BMW samfurin R1150 na farkon shekarun 2000 sun sha kuka da haƙoran da ke tsakanin kuloci da gidan giya, haka ma masu Honda XR650L sun san ciwon shaf ɗin sufuroket. Bambancin kawai, su sukan buɗe su duba kafin ta ɓaci.

A Kano abin yana da nasa dalilai. Tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana acaba a cikin birni, A Daidaita Sahu ta karɓe jigilar fasinja. Babur bai ɓace ba. Ya zama abin hawan malamin makaranta, da ma'aikacin asibiti, da yaron shago mai kai kaya daga Kasuwar Tarauni zuwa Farm Centre. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, sabon mashin ya fi ƙarfin mutane da yawa, sai kowa ya rungumi tsohonsa. Babur mai shekara goma da ake ɗora wa buhuna yana buƙatar kulawar da sabo ba ya nema.

Abin da ya fi kashe haƙoran nan, a ganina, shi ne ɗaure sarƙa tamau. Mutane suna son su ji ta yi shiru, sai su ce wa bakanike, “Oga, ja min ita sosai.” Alhali sarƙa tana ƙara miƙewa idan aka hau babur ko aka yi masa lodi. Wadda aka ɗaure tamau babur yana tsaye babu kowa a kai, da an faɗa rami sai ta fizgi shaf da ƙarfi, ta ci haƙora, ta ci boris, ta lalata robar da ke tare baƙin mai. Ƙananan babura suna son sarƙa ta riƙa wasa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiyarta. Sai kuma sufuroket na jabu, wanda tun daga leda bai zauna daram a kan shaf ba. Arharsa ita ke jawo sauke inji daga baya.

Sai maganar walda, wadda ita ce ta fi damuna. Idan haƙora suka suɗe, gyaran gaskiya shi ne a sauke inji, a raba shi biyu, a canza shaf. Aiki ne na wuni guda, da kuɗi. Mai babur kuwa yana son ya tafi yanzu, sai a tura mashin wurin mai walda a liƙe sufuroket da shaf. Ban ga laifin wanda aljihunsa ya tilasta masa ba, amma ya kamata a gaya masa abin da ya saya. Zafin walda yana ƙona robar mai da ke dab da wurin, sai inji ya fara yoyo. Yana kuma taɓa taurin da kamfani ya ba ƙarfen. Sufuroket kuwa abu ne mai ƙarewa. Ranar da za a canza shi sai an sa injin gurza an yanke waldar, a sake wata a kan ƙarfen da ya riga ya gaji. In aka liƙe shi a karkace, sarƙa tana iya tsalle ta maƙale, tayar baya ta ƙulle ana cikin gudu. Haka ake yi wa sandar giya da ta kik idan nasu haƙoran sun suɗe, alhali ƙusa ɗaya ce ta kwance aka ƙyale ta.

Ina roƙon bakanikanmu na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, duk sa'ad da aka kawo canjin sarƙa, a cire sufuroket a goge shaf, a nuna wa mai babur haƙoransa da idonsa, a shafa giris mai kauri, a ɗaure farantin da kyau. Mai sayen babur na hannu shi ma ya sa a kwance murfin hagu kafin ya biya. In ya ga tabon walda a bakin shaf, ya cire kuɗin sauke inji daga cinikin.