Inda korewa ke raba "may" da "could"

Masu magana da Ingilishi kan nuna yiwuwa da ƙananan kalmomi da ke zuwa gaban aikatau: may, might, could. A jimla tabbatacciya bambancinsu kaɗan ne. "She may be home" da "She could be home" duk suna nufin wataƙila tana gida.

Korewa ce ke raba su, kuma nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. A "She may not be home", kasancewarta gida aka kore: mai yiwuwa ba ta nan. A "She couldn't be home" kuwa, yiwuwar kanta aka kore: ba yadda za a yi tana nan. Mai fassarar da ya haɗa su zai mayar da shakkar mai ba da shaida a kotu ta zama musu kai tsaye.